Yadda Ake Cinikin Wasan Rawa da Masu Gidajen Abinci a Kaduna

Mu goma sha uku ne a ƙungiyarmu: masu rawa takwas, maza huɗu mata huɗu, makaɗa uku, mai busa sarewa ɗaya, sai ni da ke jan tafiya. Yawancinmu a Tudun Wada da Rigasa muke zaune, kuma babu wanda rawa kaɗai ke riƙe da shi. Akwai tela a cikinmu, akwai mai gyaran waya, akwai ɗalibai. Koroso muka fi yi, sai rawar Fulani da ta Gbagyi idan an nema.

Da can aikinmu bai wuce gidan biki da taron gwamnati ba. A 'yan shekarun nan ne gidajen abinci na Unguwar Rimi da Malali da Barnawa suka fara neman masu rawa, don su ja baƙi daren Juma'a da Asabar, da kwanakin Sallah da na Kirsimeti. Aiki ne da nake so ƙwarai, domin biki jefi-jefi yake zuwa, wannan kuwa in an dace sai ya zama na kowane mako. Sai dai cinikinsa ba irin na biki ba ne. Uwar amarya fita kunya take nema, za ta biya ko da ta ji a jikinta. Mai gidan abinci ɗan kasuwa ne, abin da yake lissafawa shi ne teburi nawa rawarku za ta cika masa. In ka je masa da kunya, kana cewa "duk abin da ka bayar Allah ya amfana", kai ne za ka tsaya a bakin titi ƙarfe goma sha ɗaya na dare kana ba yaranka haƙuri. Na yi irin wannan tsayuwar, kuma ba na fatan wani jagora ya yi ta.

Mataki na farko: gama lissafinka tun a gida

Kada ka fita ciniki ba ka san abin da daren zai ci ba. Ɗauki biro da takarda ka jera komai. Ga misali da alƙaluman da na ɗora don a ga tsarin kawai. Kai ka sa farashin da ake ciki ranar da kake lissafi.

Ladan mai rawa ɗaya naira 6,000, su takwas 48,000 ke nan. Makaɗa da mai sarewa 7,000 kowanne, 28,000, domin su ba sa hutawa tsakanin rawa da rawa, kuma sau da yawa kayan kiɗan nasu ne. Shatar bas, zuwa da dawowa, 25,000. Kuɗin Keke Napep na waɗanda bas ba ta kaiwa ƙofar gidansu, 5,000. Wanki da guga da ɗinke abin da ya yage, 6,000. Asusun ƙungiya 10,000. Ladan jagora 10,000. Jimla 132,000.

Abubuwa biyu na ƙarshen nan su ake yawan tsallakewa, su ne kuma ke kashe ƙungiya. Fatar ganga tana fashewa, tsarkiyar kalangu tana tsinkewa, ƙoroson da ake ɗaurawa a ƙafa yana zubewa ɗaya bayan ɗaya har ya daina ba da sauti, rigunan rawa suna koɗewa. In babu asusu, ranar da abu ya lalace sai a koma karo-karo a hannun yaran da da ma ba su da shi. Ladan jagora kuwa, da yawa cikinmu kunyar rubuta shi muke ji. Amma kai ne ka saye kati ka yi ta kira, kai ka hau mota ka je ciniki sau biyu sau uku, kai za a zarga in an samu matsala. In ba ka rubuta ladanka a fili ba, wata rana za ka taɓa asusu a ɓoye, daga nan zargi ya shigo. Ka rubuta shi kowa ya gani.

Kuɗin mota shi ne ya fi saurin canzawa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ba na faɗa wa kowa farashi sai na kira direba a ranar na ji ta bakinsa. Ka kuma gaya masa dare za a yi, kuma zai jira, don kuɗin jira daban ne. Wasa a Barnawa ko Narayi, inda sai an haye gadar kogin Kaduna, ba ɗaya yake da na Unguwar Sarki ba ga wanda ya taso daga Rigasa.

Daga wannan jimlar za ka fitar da kuɗi uku ka riƙe a ka: wanda za ka fara faɗa, a ce 180,000, wanda kake fatan a tsaya a kai, a ce 150,000, da kuma na ƙasa, 132,000, wanda in an gaza shi sai ka yi godiya ka tashi. Ka sanar da dattawan ƙungiya na ƙasan nan tun kafin ka tafi, don kada daɗin bakin wani ya ja ka ƙasa da shi.

Mataki na biyu: je ka ga wurin da idonka

Ba a yanke farashi ta waya. Ka je da daddare, a irin ranar da ake son wasan, ka sayi ko lemo ne ka zauna. Ƙirga teburan, ka ga nawa ne a cike, ka duba takardar farashin abinci. Wurin da farantin shinkafa da kaza ya ninka na kasuwa sau uku, kuma motoci sun cika haraba, ba zai ce maka ba shi da hali ka yarda ba. Ƙaramin wuri mai teburi goma kuwa, kada ka ɗora masa mutum goma sha uku. Ka tanadar masa wasan mutum shida.

Sannan ka dubi ƙasa. Koroso rawa ce ta tsalle da juyi da ɗaukar juna, tana son daɓe mai riƙe ƙafa. Wani dare a wani gidan abinci, ban je na duba ba, na yarda da hoton da aka turo mini. Tayil ne mai sheƙi, ga ma'aikata suna ratsawa ta filin da tire a hannu. A zagaye na biyu ɗaya daga cikin yaranmu ya diro daga kafaɗar abokinsa, ƙafarsa ta sauka a kan ɗigon miya, ya zame ya faɗi a kan gwiwar hannu. Ina jin ƙarar har yau. Ya tashi ya ƙarasa rawar yana murmushi, sai a bas muka ga hannun ya kumbura. Tela ne, sai da ya yi mako uku bai taɓa keke ba, kuma kuɗin da aka ba mu a daren bai kai kuɗin hoton ƙashi da magani da abin da ya rasa a shago ba. Tun daga ranar, in daɓen mai santsi ne, ko a shimfiɗa kafet mai nauyi da ba ya zamewa, ko mu cire tsalle-tsallen, kuma a hana kowa ratsa fili muddin ana kiɗa.

Ɗaga kai ka dubi fanka da fitilu da tsawon rufi. Tambayi inda za a sauya kaya, kuma ka ce a nuna maka: mata suna bukatar ɗaki mai ƙofa da sakata, ba bayan kicin ko banɗakin baƙi ba. Tambayi ko akwai lasifika da makirufo, da wanda zai kula da su, da ko janareta na ɗaukar su in an ɗauke wuta. Ganga ba ta bukatar wuta, amma sarewa tana ɓacewa a cikin hayaniyar masu cin abinci in ba makirufo.

Abu na ƙarshe da za ka gano da kanka: ana sayar da giya a wurin ko ba a sayarwa. Kaduna gari ne na kowa da kowa, akwai irin wannan akwai irin wancan. Ba naka ba ne ka yanke wa mutanenka hukunci a ɓoye. Ka dawo ka faɗa musu gaskiya, iyayen 'yan matan ma su sani, wanda ba zai je ba kada a riƙe shi a zuci.

Mataki na uku: san wanda kake magana da shi

Sau da yawa wanda ya kira ka ba shi ne mai biya ba. Ko manaja ne, ko mai gabatar da shiri, ko wani dillali da ya san ku ya san su. Ka tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, wa zai sa hannu, kuma daga hannun wa kuɗin zai fito?" In manaja ne, ka nemi a gaisa da mai wurin ko da ta waya. Manajoji suna sauya wurin aiki, alkawarin baka kuma yana tafiya da wanda ya yi shi.

In dillali ne, ba laifi, la'ada halalinsa ce. Amma a yanke ta tun farko, a san nawa ce kuma wa zai biya, sannan ka san ainihin kuɗin da mai wurin ya fitar. In an karɓi 200,000 da sunanku aka miƙo muku 110,000, mai wurin zai jira wasan 200,000, ku kuma ku zo da shirin 110,000, kowa ya tashi da ɓacin rai.

Mataki na huɗu: zaman ciniki

Ku je ku biyu, na biyun ya zama shaida. Kada ku je lokacin da wuri ya cika. Tsakanin Azahar da La'asar ya fi, manaja na da sukuni. Ka tanadi gajeren bidiyo na wasanku mai kyau a waya, minti biyu ya isa.

Bayan gaisuwa, bar shi ya fara bayyana abin da yake so.

"Ranka ya daɗe, kafin mu zo kan kuɗi, mutum nawa kake so, zagaye nawa, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa?"

"Malam, kai dai faɗi kuɗinku."

"Kuɗin aikin yake bi, Alhaji. Wasan mutum shida na rabin sa'a daban, na mutum goma sha biyu zagaye uku daban."

In ya faɗi abin da yake so, ka maimaita masa shi da bakinka don ya tabbata, sannan ka faɗi kuɗinka sau ɗaya, a sarari, ka yi shiru. Nan ne da yawa ke faɗuwa. Shirun yana yi musu nauyi, sai ka ji sun ce "amma dai ana iya ragewa" tun ba a taya ba. Bar shi ya taya. In tayin ya yi ƙasa, ka ce albarka, fuska a sake, ka nuna masa takardar lissafinka in ta kama. Ɗan kasuwa yana girmama wanda ya san uwar kuɗinsa.

Maganganu uku za ka ji kusan ko'ina. Ta farko: "Manyan mutane na zuwa nan, za a san ku." Ka ce: "Gaskiya ne, Hajiya, mun kuma gode. Amma direba yau zan sallame shi, yaran nan kuma sana'o'insu suka rufe suka zo." Ta biyu: "Akwai wasu yara da za su yi a rabin haka." Kada ka kushe kowa, 'yan'uwanka ne a sana'a, gobe kuna iya haɗuwa a fili ɗaya. Ka ce: "Allah ya ba su sa'a. Mu dai abin da za mu kawo maka ke nan, ga kuma abin da yake ci." Ta uku: "Ku zo ku gwada kyauta, in ya yi kyau sai mu ɗore." Gwaji ma aiki ne. Ana iya yin sa da mutane kaɗan da zagaye ɗaya, amma kuɗin mota da ladan yara ba sa faɗuwa. Wanda ya same ku kyauta a daren farko, da wuya ya ga darajar biyanku a na biyu.

Ƙa'idar da na fi riƙewa ita ce: in kuɗi zai sauka, aiki ma ya sauka. In ya tsaya a 110,000, kada ka kawo mutum goma sha uku ka matse ladansu. Ka ce to, masu rawa shida, makaɗa uku, zagaye biyu. In kuwa ya kusa kai abin da kake fata, gara ka yi masa gyara da ka yi ragi: ƙarin rawa ɗaya a ƙarshe, ko tarbar baƙi da kiɗa a ƙofa na minti goma. Gyara tana faranta masa rai, farashinku kuma yana nan inda yake. Ragi kuwa, in ka yi shi sau ɗaya ya zama farashinku a wurin har abada, kuma manajoji suna hira da juna.

Wasu za su ce a raba kuɗin ƙofa, ko a ba ku kaso daga cinikin daren. A ganina kada ka karɓi wannan shi kaɗai. Ba kai ke riƙe da littafin ciniki ba, ba kai ka yi talla ba, in an yi ruwa baƙi ba su zo ba kai za ka kwana a ciki. In ana son haka, a ba da tsayayyen kuɗin da zai rufe na ƙasanka, kason ya zama ƙari a kai, kuma mutuminka ya zauna a ƙofa yana ƙirga tikiti tare da nasu.

Mataki na biyar: raba liƙi da lada

Wannan ita ce maganar da ta fi haddasa rigima, saboda haka a yi ta tun ana dariya. Lada haƙƙin aiki ne, mai wuri ke biya. Abin da baƙo ya bayar don jin daɗinsa kyauta ce tsakaninsa da mai rawa. Kada ka yarda da "ai za ku samu liƙi" a matsayin dalilin rage lada. Mai cin abinci ba ɗan biki ba ne, bai canzo sababbin kuɗi ya taho da su ba, yawancinsu ma da kati ko taransfa suke biyan abincin. Akwai daren da za a samu, akwai daren da ba za a ga ko naira ɗari biyar ba.

Akwai kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardar naira a wurin shagali, da taka ta, da rawa a kanta. Hukuncin ɗauri ne da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Shekaru aka yi ba a damu da ita ba, amma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da fitattun mutane a kotu a kan haka, kuma bidiyon da aka ɗora a intanet ne ya zama hujja. A gidan abinci kowa da waya a hannu. Abin da muke yi shi ne mu ajiye ƙwarya mai ado a gaban makaɗa, mai gabatarwa ya sanar cewa mai son yin alheri ya sa a ciki ko ya miƙa a hannu. Muna kuma ajiye ɗan allo mai lambar asusun ƙungiya a gefenta.

A yarjejeniya a rubuta cewa abin da ya shiga ƙwarya na ƙungiya ne gaba ɗaya, kuma mutum ɗaya daga cikinku ne kawai zai taɓa ta. In kuna son ku ba ma'aikatan wurin wani abu, kuma ina ba da shawarar ku riƙa yi, ku bayar da hannunku bayan an ƙirga. Su ne za su share muku fili, su kawo ruwa, su ce wa manaja baƙi sun ji daɗi.

Mataki na shida: lokaci, abinci da mutunci

A faɗi lokacin isowa, lokacin farawa da lokacin tashi. Zagaye uku na minti ashirin-ashirin da hutu a tsakani ya fi sa'a guda a jere. Baƙi suna samun damar hira da yin oda, wanda shi mai wuri ke so, ku kuma kuna shan iska. A tsara yadda kiɗa ba zai faɗa kan Magariba ko Isha ba, musamman in akwai masallaci kusa. Mu mun fi farawa bayan Isha mu tashi kafin goma da rabi, don a mayar da kowa gida da sauran mutane a hanya.

A sa kuɗin ƙarin lokaci. "Ku ɗan jira, babban baƙo yana hanya" tana iya cinye sa'a biyu, direba yana ƙara kuɗi, iyaye suna kira. Kowane rabin sa'a bayan lokacin tashi da kuɗinsa, a yanke shi tun yanzu.

Abinci: faranti ɗaya ga kowa, har da direba, da ruwan sha tun daga isowa. A faɗi ko kafin wasa ne ko a zuba a mazubi a tafi da shi. Abin kunya ne a ce yaro ya yi rawa cikin ƙamshin gasasshen kifi ya koma gida da yunwa, kuma abincin ba ya cikin lada.

Sai maganar da ba na sassautawa a kanta. 'Yan matanmu rawa suka zo yi. Ba sa zama a teburin baƙo, ba sa raka kowa, ba a taɓa su, ba a neman lambarsu ta hannun ma'aikata. In baƙo ya wuce gona da iri, aikin masu wurin ne su tsawatar. In ba su yi ba, za mu tsayar da kiɗa mu tafi, kuma ladanmu cikakke ne. Ka faɗi wannan a gaban manaja da mai gadi. Kayan rawa kuma ku ke zaɓa, ba wanda zai ce a rage ko a matse. Yaran da ba su kai shekara 18 ba, ni ba na kai su wasan dare ko da iyayensu sun yarda.

Mataki na bakwai: hoto da bidiyo

Baƙi za su ɗauka da wayoyinsu, ba mai hana su. Amma gidan abincin ya ɗauki wasanku ya mai da shi talla a Instagram da TikTok da Facebook wata da watanni, wannan wani abu ne daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai wasa iko a kan naɗar wasansa da yaɗa shi. Ba sai an kai ga kotu ba, a dai yi magana: gajeren bidiyo ya halatta in an ambaci sunan ƙungiya da lambarta, a kuma ba ku kwafi, in za a buga fuskokinku a allon talla ko a kai gidan talabijin, sai da sabon ciniki. Ka tambayi mutanenka ma, akwai wadda take rawa da yardar gida amma ba a son fuskarta a allon bakin titi.

Mataki na takwas: kafin alƙalami da soke wasa

Rabin kuɗi kafin alƙalami, aƙalla kwana uku kafin ranar. Sai ya shigo sannan ranar ta zama tasu. A kwanakin Sallah da makon ƙarshe na Disamba, lokacin da kowa ke neman ku, farashi yana hawa, kuma wanda ya fara biya shi ke da rana. Kada ka ji nauyin wannan. Watan azumi gaba ɗaya kusan ba wasa, abin da aka samu a Sallah shi ke cike gurbin.

A yi maganar sokewa ta kowane ɓangare. In su suka soke saura kwana ɗaya ko a ranar, kafin alƙalami ya zama naku, domin kun ƙi wani aikin kun kuma riƙe mota. In ku kuka kasa zuwa, ku mayar da shi cif, a ranar, ba tare da an bi ku ba. In kuwa abin da ya fi ƙarfin kowa ne, a ɗage zuwa wata rana a cikin wata guda. Mu a Kaduna mun san irin wannan: kullen korona na 2020, da dokar hana fita ta sa'a 24 da aka sa a Kaduna da Zariya a watan Agusta na 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. In filin a waje yake kuma damina ce, musamman Yuli zuwa Satumba, a faɗi inda za a koma in hadari ya taso. Fatar ganga ba ta shiri da laima. In kun riga kun iso aka yi ruwa, kuma ba wurin komawa, a biya aƙalla na ƙasanku.

Mataki na tara: rubuta shi

Ba sai an nemi lauya ba, shafi ɗaya ya isa, da Hausa ko da Turanci, wanda duk ɓangarorin ke karantawa. Ga yadda namu yake tafiya: "Ni wane, a madadin gidan abinci kaza, na ɗauki ƙungiya kaza wasa ranar kaza, mutum 13, zagaye 3 na minti 20, daga 8:30 zuwa 10:30 na dare, a kan naira 150,000. Na biya 75,000, zan cika 75,000 kafin zagaye na ƙarshe." Sai sauran sharuɗɗan su biyo a layi-layi: ƙarin lokaci, abinci, ɗakin sauya kaya, ƙwarya, bidiyo, sokewa, da wanda zai ɗauki kuɗin magani in an ji rauni saboda laifin wurin. Kowa ya sa hannu da kwanan wata, shaida ɗaya daga kowane ɓangare, kowa ya riƙe kwafi.

In ya ce "haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?", ka ce: "Na yarda, Alhaji, mantuwa nake tsoro, tawa da taka." In duk da haka ya ƙi takarda, ka tura masa sharuɗɗan ta WhatsApp ka ce ya amsa da "na amince". In wannan ma ya ƙi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yana da kyau ƙungiya ta yi rajistar suna a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta buɗe asusun banki da sunanta, da sa hannun mutum biyu. Manyan wurare sun fi sakin jiki su biya asusun ƙungiya, mutanenka ma hankalinsu ya fi kwanciya.

Mataki na goma: daren wasa da karɓar ciko

Ku iso sa'a guda kafin lokaci. Duk abin da ka nema a takarda, kai ma ana bin ka irinsa: in ka ce mutum goma sha uku, kada a ga tara, kaya a wanke a goge, ba mai yawo tsakanin tebura yana roƙo. Ka taka filin da ƙafarka kafin a fara.

A hutun da ake yi kafin zagaye na ƙarshe, ka je wurin manaja kai kaɗai, ba a gaban baƙi ba, ka karɓi ciko. Dalilin wannan lokacin shi ne, da an tashi manaja zai shiga lissafin ciniki, mai wuri ya tafi gida, a ce ka dawo Litinin. In taransfa ce, kada ka tsaya a hoton rasit ko saƙon alat. Buɗe asusun ka ga kuɗin sun zauna. In an ce matsalar sabis ce, akwai masu POS, ko a ba da tsaba daga cinikin daren.

In duk da haka aka ce sai gobe, kada ka ɗaga murya, kada ka bar yara su yi cirko-cirko a ƙofa. Ka sa a rubuta a bayan takardar nan cewa saura kaza, za a biya ranar kaza, a sa hannu. Ranar ta zo ka je da shaidarka. In an sake ɗagawa, ka nemi mai wurin kai tsaye, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Kada ku sake yi musu wasa da tsohon bashi a ƙasa, kuma kada ka yi saurin kai maganar intanet, domin sauran masu gidajen abinci suna gani, kuma zagi ba ya fito da kuɗi. Takardarka da saƙonninka suna nan in ta kai ga hukuma.

A cikin bas muke juye ƙwarya, a haska fitilar waya, mutum biyu su ƙirga a gaban kowa, a duba abin da ya shigo ta asusu a haɗa. Kowa ya karɓi ladansa a daren, a rubuta a littafi, a fara sauke 'yan mata a ƙofar gidajensu.

Washegari da hantsi ka kira manaja ka yi godiya, ka tambaye shi wace rawa baƙi suka fi so da abin da yake ganin a gyara. In ya ce yana son ku riƙa zuwa duk Asabar, a nan ragi yake da ma'ana, tunda aiki ya tabbata: ka sauko kaɗan, amma ba ƙasa da na ƙasanka ba, a biya kowane dare a darensa maimakon ƙarshen wata, a kuma sake zama duk bayan wata uku a duba farashi. In ya ce kada ku yi wasa a wani gidan abinci da ke kusa da shi, ka tambaye shi unguwa nawa yake nufi da kuma tsawon wane lokaci, ka lissafa abin da za ku rasa, ka ɗora a kan kuɗin kafin ka sa hannu.